Kwat Ɗina a Tagar Darakta

Bango ɗaya ne tsakanin shagona na ɗinki da shagon Anti, kuma bangon ba shi da kauri, saboda haka duk abin da zan faɗa, ko dai da idona na gani ko da kunnena na ji. Anti dillaliya ce. Ka kai mata kayan da ka gaji da su, ko waɗanda rashi ya sa ka gaji da su dole, ta liƙa musu lamba ta jera a kanta. Ran da aka saya ta cire la'adarta, ta miƙa maka sauran a cikin ambulan. Shekara goma sha ɗaya tana wannan sana'a a layinmu, kuma ba arha ce ta riƙe mata masu kawo kaya ba, iya riƙe baki ne. Shagon yana da ƙofar baya ta lungu, ta nan ake shiga da kaya a ƙunshe, kuma ba a taɓa jin ta ce wane ne ya kawo kaza ba. Lamba kawai ake gani a jikin kaya. Sunayen suna cikin wani baƙin littafi da take kullewa a durowa.

Ni ma ina cikin littafin, a lamba ta arba'in da bakwai.

Matata ce ta saya mini kwat. Ma'aikaciyar jinya ce, ta yi wata huɗu tana tsimi daga albashinta ban sani ba, wata rana na dawo gida na tarar da leda a kan gado. Kwat ce koriya shar, mai maɓallan ruwan gwal guda shida, kafaɗunta kuwa mutum biyu za su zauna a kai su yi hira. Ni tela ne, shekara ashirin ina riƙe da almakashi, kallo ɗaya na yi wa ɗinkin na ji kaina ya sara. Na yi godiya har da dafa ƙirji. Na sa ta sau ɗaya, mai askin layinmu ya tambaye ni ko an ɗauke ni aikin buɗe ƙofa a otal ne. Washegari na bi ta lungu na kai wa Anti, a gida kuma na ce na kai ta wajen mai wanki. Sati uku ke nan mai wankin nan yana fama da kwat ɗaya, kuma kowace safiya sai na ƙirƙiro masa sabon uzuri. Na kashe masa kawu, na lalata masa dutsen guga, na sa shi zazzaɓi sau biyu.

Ana cikin haka 'yar Anti ta haihu a wani gari, dole ta tafi ta yi sati guda. Babu wanda za ta bar wa shago sai mijinta, Darakta.

Darakta bai taɓa zama darakta ba. Mai kula da sito ne a wani kamfanin sabulu har ya yi ritaya. Wata rana ana fenti a ofishin babban, aka ajiye kujerarsa a sito na kwana uku, shi kuma ya zauna a kai ya sa aka ɗauke shi hoto. Tun daga nan sunan ya bi shi, shi ma bai yi gardama ba. Aikinsa yanzu shi ne zama a bencin mai aski yana bayanin yadda zai gyara kasuwancin duniya in da za a ba shi sati ɗaya. To ga shi an ba shi.

Da safen da za ta tafi na ji ta ta bango tana ba shi umarni.

"Ka buɗe, ka share, in an saya ka rubuta lambar, ka rufe. Shi ke nan."

"Ke dai je ki. Kin bar shago a hannun wanda ya riƙe kamfani."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Don Allah kada ka gyara komai."

"Wa ya ce zan gyara? Ɗan tsari kawai."

"Tsarin ma ka bar shi ya huta."

Motarta ba ta gama shan kwana ba ya leƙo shagona ya ce in ara masa almakashi. Na ba shi ƙaramin, na ɗauka zare zai yanke. Can na ji ƙarar katako, ƙwas. Ashe durowar Anti ya ɓalle da shi. Har yau idan na tuna cewa da almakashina aka tona mini asiri, sai in ji abinci ya fita a raina.

Kafin rana ta yi tsaka ya fito ƙofar shago, da ƙyar na gane shi. Hula mai baki, baƙin tabarau, agogo a kowane hannu, jan bel, farin wando, takalma masu tsini, kuma kowanne da 'yar takardar lambarsa tana lilo.

"Darakta, ai kayan mutane ne waɗannan," na ce.

"Talla mai tafiya ke nan, Tela. Kaya a kan kanta bacci suke yi. A jikina kuwa magana suke."

"Wandon dai yana cewa ya matse ka."

"Hassada ce. Zo ka ga babban aiki."

Na shiga. Ya ja wani tsohon firiji ya toshe ƙofar baya. A ƙofar gaba kuma ya rataya ƙararrawa, wai duk wanda ya kawo kaya za a kaɗa masa ita a ɗauke shi hoto, saboda abokin ciniki sarki ne, ba ɓarawo ba ne da zai riƙa bin lungu. Ranar na ga mata biyu sun zo bakin lungu da ƙunshi a hammata, suka tura ƙofa ta ƙi, suka zagayo, suka hango Darakta tsaye da ƙararrawa da waya, suka wuce kai tsaye kamar asibiti za su. Ya bi su da kallo ya ce mini kasuwa tana nazari ne, haka take yi kafin ta fashe.

Ran Talata ya zo da babban shirin. Ya shigo shagona da baƙin littafin a hannu, ya zauna a kan yadin wata amarya.

"Ka san abin da ke damun shagon nan? Lamba. Wa ya taɓa son lamba? Mutum ba fanka yake saya ba, tarihin fanka yake saya. Kowane kaya zan rubuta masa kati: daga ina ya fito, wa ya bayar, me ya raba shi da mai shi."

Na tsayar da keken ɗinki. "Darakta, Anti ba ta faɗin suna."

"Ni ma ba zan faɗa ba. Ka ɗauke ni yaro ne? Sirrin abokin ciniki amana ne. Siffa kawai zan bayar."

Katin farko ya fito a jikin wani agogon bango kafin la'asar. Ga abin da ya rubuta da manyan baƙaƙe: AGOGO MAI DARAJA. MALLAKAR WANI DATTIJO MAI SANƘO DA YA SHUGABANCI MAKARANTA SHEKARA TALATIN. 'YAN LAYI NE SUKA HAƊA KUƊI SUKA BA SHI RAN RITAYARSA. YA CE ƘARARSA TANA HANA SHI BACCI.

Dattijo mai sanƙo da ya shugabanci makaranta guda ɗaya ne a layinmu, tsohon hedimasta, kuma ni kaina na ba da nawa kason a kuɗin agogon. Mai aski ya karanta, ya dawo ya tsaya a ƙofata da reza a hannu.

"Ka gani? Ranar har hawaye ya yi, ya ce zai mutu da agogon nan a bangonsa."

"Wataƙila bangon ya sayar tukuna," na ce, ina dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

"Mutane ba su da kunya," in ji mai aski. Ya juya zai tafi, sai na ga ya tsaya cak yana kallon wani dutsen guga a kantar Anti. Ya koma shagonsa da sanyin jiki.

Na jira ya ɓace, na shiga wajen Darakta na rage murya.

"Lamba arba'in da bakwai. Na fasa sayarwa, ba ni kayana."

Ya buɗe littafin, ya ɗaga tabarau, ya bi layi da yatsa. "Doka ta uku. Ba a janye kaya kafin kwana talatin sai da sa hannun mai shago. Naka kwana ashirin da uku."

"Kai ne mai shago yanzu."

"Riƙo nake yi. Mai riƙo ba ya karya doka."

"Ka ɓalle durowa, ka toshe ƙofa, ka sa wandon wani, dokar nan ɗaya ce ta tsaya maka a wuya?"

"Tsari ke nan, Tela."

"To zan saya. Nawa ne?"

"Ba ta sayarwa ba ce sai Asabar. Ita ce tauraruwar baje kolin da zan yi ranar. Ka san launin nan ana hango shi daga bakin titi?"

Na san ana hango shi. Abin da ya hana ni sukuni ke nan, domin matata ta ƙofar shagon take wucewa kullum, safe da yamma.

Ran Laraba ya samo mutum-mutumi a wani shagon da ya rufe, ya sa masa kwat ɗina, ya tsayar da shi a tagar gilashi. Da ya ga rigar ta yi masa yawa, sai ya cusa masa matashin kai a ciki. Ya ja da baya, ya dubi mutum-mutumin, ya dubi tumbina, ya ƙara ɗan tsumma. Sannan ya rataya masa tef ɗin awo a wuya.

"Wannan kuma na mene ne?" na tambaya.

"Ado."

"Darakta, saura ka rubuta sunana."

"Na ce maka ba na faɗin suna. Ni mutum ne mai amana."

Na koma shagona na ɗauko igiya, na ɗaura daga ƙusar ƙofata zuwa sandar fitila, na shanya zanin gado uku da aka kawo mini kalmasa, daidai yadda za su tare tagar. Darakta ya fito ya ce ina yi wa kasuwancinsa zagon ƙasa. Na ce iska nake ba yadi. Ya kwance, na ɗaura, ya kwance, na ɗaura, har mai kemis da ke tsallaken hanya ta fito da kujera ta zauna kallo. A karo na huɗu igiyar ta tsinke, zanin ya faɗa kwata, kuma na hedimasta ne. Na wuni ina wanki.

A gida kuwa sai na zama mai kula da lafiya. Na ce wa matata hanyar layinmu ta yi ƙura, ta riƙa bi ta bayan makaranta.

"Ta bayan makaranta ai ta ninka nisa."

"Tafiya tana da amfani. Ke ce kike faɗa wa marasa lafiya."

Ta dube ni ta gefen ido. "Yaya mai wankinka?"

"Ya samu sauƙi. Matarsa ce yanzu ba ta jin daɗi."

"Allah ya ba ta lafiya. Gidan nan nasu sai an yi musu feshi."

Ta bi ta bayan makaranta ran Alhamis da Juma'a, don ta faranta mini. Wannan ya fi komai ci mini rai, wallahi, domin ina kallonta tana ɗaura takalmi da sassafe saboda ƙaryata.

A kwana biyun nan Darakta ya rubuta kati sittin da wani abu, ya kife su a cikin kwali ya ce sai ranar. Ko allura bai sayar ba. Masu saye suna zuwa, amma da sun taɓa abu sai ya fara ba su tarihi tun daga kakan mai shi, har su tuna suna da aiki a gida. Wani mutum ya zo da kuɗinsa a hannu zai sayi fanka. Darakta ya ce masa fankar nan ta yi jinyar mutum biyu har ƙarshe. Mutumin ya mayar da kuɗinsa aljihu ya ce zafin ma ba wani mai yawa ba ne.

Asabar ta zo. Tun da hantsi ya fito da teburi uku ya haɗa a bakin shago, ya shimfiɗa labule, ya jera kaya, ya tsayar da mutum-mutumin a tsakiya a kan akwati. Ya yi hayar lasifika. Layi ya cika, domin labarin agogo ya zaga, kowa ya zo ya ji na wani. Abin da babu wanda ya lissafa shi ne, rabin masu dariyar suna cikin littafin. Matata tana aiki har yamma, don haka na yi niyyar da an buɗe ciniki in saye kwat ɗin ko nawa ne in ɓoye a ƙarƙashin keken ɗinki.

Darakta ya hau kujera cikin kayansa na talla, ya hura lasifika.

"Jama'a, yau za ku ga kasuwanci irin na zamani. Kaya na farko, agogo mai daraja."

Ya karanta katin. Idanu suka koma kan hedimasta, wanda ke tsaye a baya yana ƙoƙarin shigewa cikin inuwar sandar fitila.

"Malam, ashe ƙara yake yi?" in ji mai aski da ƙarfi. "Da ka faɗa, da mun saya maka bebe."

"Gyara na kawo shi," in ji hedimasta.

"Da farashi a jiki?"

Aka yi dariya, mai aski ya fi kowa. Darakta ya ɗaga dutsen guga.

"Kaya na biyu. Mallakar wani mai sana'ar gyaran kai, mai yawan magana. Wani dattijo mai sanƙo ne ya ba shi ran da ya buɗe sabon shago. Ya ce ko ruwa ba ya ɗumamawa, kuma daga gani tsoho ne aka sake wa kwali."

Dariyar mai aski ta yanke. Hedimasta ya fito daga inuwa, ya gyara tsayuwa irin ta gaban aji.

"Maimaita, Darakta. Na baya ba su ji ba."

"Malam, ni ban ce tsoho ba ne," in ji mai aski.

"Sabo ne fil. Ranar aurena aka ba ni, ban taɓa amfani da shi ba."

"Malam, aurenka ya shekara arba'in."

Darakta ya ɗauka wannan hayaniya ita ce kasuwar da ya ce za ta fashe. Ya ƙara murya, ya ɗaga wani injin markaɗe.

"Wannan kaya ne mai yawo. Mallakar wata mai sayar da magani. Ƙanwar mijinta ce ta ba ta. Ta ce in dai daga hannun wannan ne, ko gwal ne ba ta so."

Mai kemis tana zaune a kujerarta, ƙanwar mijin kuma tana tsaye a bayanta da hannu a kafaɗarta, don tare suka zo kallo. Hannun ya sauka a hankali.

"Yaya, haka kika ce?"

"Ke, mai sayar da magani ni kaɗai ce a duniya?"

"Ga tabon da ke murfin nan. Ni na san kayana."

Matar hedimasta ta matso ta leƙa. "Kayanki? Ai ni na ba ki shi da kika tare."

"Ni kuma na ba ki shi, Mama," in ji matar mai aski daga can gefe. "Kin ce kullum da shi kike aiki."

Injin nan ashe gida huɗu ya zaga cikin takardar ado, kuma babu wadda ta taɓa jona shi da wuta. Daga nan babu wanda ya ƙara jiran kati. Kowa ya tuna yana da abu a kan teburin, kuma gara ya ɗauke kafin a karanta. Aka yi ca. Wannan ya fizgi fanka, waccan ta rungume kwanuka, wani ya ja labulen da aka shimfiɗa don nasa ne, teburin tsakiya ya durƙusa, kofuna suka gangara kwata.

"Doka ta uku," Darakta yake faɗa a lasifika. "Jama'a, doka ta uku. Kwana talatin."

Wani direban tasi ya tsaya a gabansa ya kafa wa ƙafarsa ido. "Darakta, takalmana ne waɗannan."

"Talla nake maka."

"Ka take musu dunduniya. Cire."

Ya cire. Mai gyaran rediyo ya karɓi tabarau da agogon hannun dama, wani ya karɓi na hagu. Hular ta tafi ban ga wanda ya ɗauka ba. Mijin mai kemis, mutum mai sanyin hali, ya zo ya yi gaisuwa sannan ya ce bel ɗin nasa ne. Da bel ya fita, sai ga hedimasta ya dawo da agogonsa a hammata, yana duban farin wandon.

"Malam, ka yi wa Allah," in ji Darakta.

"Ba a janye kaya kafin kwana talatin, ko? Nawa ya yi talatin da biyar."

Ni na cece shi, ba don halinsa ba. Na jefa masa wani yanki na yadi ya ɗaura a ƙugu, ya miƙa wandon ta bayan firiji da aka turo waje. Ya sake hawa kujera da singileti da safa da ɗaurin yadi mai furanni, lasifikar tana hannunsa, domin ita kaɗai ce ba ta da mai ita a wajen.

Na juya in ɗauke kwat ɗina a cikin rububin, sai na ga mutum a tsaye a gaban mutum-mutumin. Farar rigar aiki, jaka a kafaɗa. Matata ce. An sallame su da wuri, ta gaji, ta ce yau dai ba za ta zagaya ta bayan makaranta ba.

Tana karanta katin da ke rataye a maɓalli na biyu. Ni ban taɓa ganinsa ba sai lokacin. KWAT TA MUSAMMAN. MALLAKAR WANI TELA MAI TUMBI, MAƘWABCI NA KUSA. UWARGIDANSA CE TA SAYA MASA. SAU ƊAYA YA SA. A GIDA AN SAN TANA WAJEN MAI WANKI.

Har waɗanda suka kama hanya da fanka suka dawo kallo. Na so ta yi faɗa. Da ta ɗaga murya, da na samu abin riƙewa. Ta karanta har ƙarshe, ta sa hannu ta gyara wa mutum-mutumin kwala, ta kaɗe ƙura daga kafaɗar.

"Darakta, nawa ce?"

Ya dube ni, ya dube ta, ɗan kasuwar da ke cikinsa ya farka. Ya faɗi kuɗin da ya ninka abin da Anti ta rubuta, wai tarihi ya ƙara mata daraja.

"Maman yara," na ce, "bari in yi miki bayani."

"Ciniki nake, Baban yara. Bari in gama."

Ba ta nemi ragi ba. Ranar aka biya su albashi. Ta buɗe jaka ta biya, ta ce a sa mata a leda. Darakta ya tuɓe mutum-mutumin, matashin kai ya faɗo ƙasa, babu wanda ya yi dariya. Ya ɗaga lasifika zai sanar da cinikin farko, mai aski ya zare batirin.

Na rufe shago na bi ta a baya kamar wanda aka aika ya ɓatar da kuɗin. Da na shiga ɗaki, ledar tana kan gado. Ita kuma tana zaune tana cire takalmi tana matsa ƙafa.

"Na yi kuskure," na ce.

"Ka san me ya sa na saya tun farko? Shekara ashirin duk rigar da ke jikinka, kai ka zauna ka ɗinka da ragowar yadin mutane. Na so ka sa abu ɗaya da wani ya wahala a kansa, kai ka huta. Ban iya zaɓe ba, na yarda. Da ka ce mini ba ta yi maka ba, da na ji haushi na kwana ɗaya. Amma ka sa ina yi wa matar mai wanki addu'a."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Ta turo ledar gabana.

"Ga shi, na sake saya maka. Wannan karon in za ka sayar, ka fara yi mini tayi. Ni ce mai saye."

Anti ta dawo ran Litinin. Ta tsaya ta dubi kantoci babu kaya, ta dubi durowa, ta dubi mijinta. Na kasa kunne a bango ina jiran tsawa, amma abin da na ji kawai shi ne, "Ɗauki littafin nan. Gida sittin da uku ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ba da haƙuri, kuma ta ƙofar baya za ka shiga." Ya yi kwana tara yana yi. An ce a kowane gida sai ya ɗan tsaya ya ba su shawara a kan tsarin falo.

Kafin ya fara zagayen ya leƙo shagona da ambulan. Kuɗin kwat ne, an cire la'ada daidai, ba cuta. Na kai wa matata da hannu biyu. Ta dube shi ta ci gaba da ninke kaya.

"Riƙe abinka. Ai kai ka sayar."

Ambulan ɗin yana aljihun ciki na kwat ɗin, ban buɗe ba. Ina sa ta duk Asabar, da zafi da komai, in zauna a kan keke ina zufa, kuma mai aski bai ƙara tambayata zancen otal ba, don shi ma yanzu da dutsen gugar hedimasta yake goge tawul a bainar jama'a. Darakta ya koma bencinsa. Duk baƙon da ya zauna jiran aski sai ya nuna masa ni ta tsallaken ƙofa, ya ce ka ga koriyar rigar can, sati uku tana rataye babu mai tayawa, shi ya sayar da ita ninki biyu cikin minti ɗaya, ba a ko nemi ragi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne, a wannan karon ba ƙarya yake yi ba.